Daga Gatarin Aradu Zuwa Na'urar da Ke Amsa Tambaya

Tambayar ta fito ne daga wani malamin tarihi a wata makarantar sakandare da ke Daura. Ya ce ɗalibansa na ajin ƙarshe sun rabu gida biyu: wasu suna cewa mutanen zamanin dutse ba su fi namun daji da komai ba sai tafiya da ƙafa biyu, kuma yadda muka yi musu nisa haka ƙirƙirarriyar basira (AI), wato manhajojin kwamfuta masu kwaikwayon tunanin mutum, za ta yi mana, wasu kuma suna cewa mutanen can sun fi mu kwanciyar hankali da kaifin ƙwaƙwalwa, mu kuwa waya ta gama da mu. Yana neman a kwatanta rayuwar biyu bisa hujja, domin ya san abin da zai gaya musu.

Malam, na gode da wannan tambaya, Allah Ya saka maka da alheri da ka bar yara suka yi muhawara maimakon a rufe musu baki. Kafin a shiga kwatance ya kamata a daidaita ma'anar kalmar da ake amfani da ita, domin daga nan ake fara ɓata. Idan masu binciken kufai suka ce zamanin kafin tarihi, wanda zamanin dutse yake cikinsa, suna nufin lokacin da mutanen wani wuri ba su fara rubutu ba, kuma wannan iyaka ta sha bamban daga ƙasa zuwa ƙasa. A kudancin Iraƙi an fara rubutu wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a ƙasar Hausa kuwa rubutu ya kafu ne tare da yaɗuwar Musulunci, musamman a ƙarni na 14 da na 15, zamanin da malamai irin su Shehu Magili suka sauka a Kano da Katsina. Kaburburan Durɓi Takusheyi da ke ƙaramar hukumar Mani, waɗanda aka tona a 1907 da kuma 1992, suna daidai bakin wannan iyaka, shi ya sa tagulla da zinariya da hauren giwa da wuri da aka samu a cikinsu suke ba mu labarin da babu takardar da ta ajiye shi.

Ba zan shiga zancen asalin halittar ɗan Adam ba, domin wannan fagen malaman addini ne, kuma abin da muka yi imani da shi game da Annabi Adamu (AS) ba da cebur ake tono shi ba. Abin da zan kawo maka shi ne abin da aka fitar daga ƙasa aka auna shekarunsa. Ƙasusuwan da aka samu a Jabal Irhud na Maroko, waɗanda masana suka sa a cikin jinsinmu, an ƙiyasta shekarunsu da kimanin 300,000, alhali rubutu bai wuce shekara 5,200 ba. Bisa wannan lissafi duk abin da muke karantarwa a aji da sunan tarihi bai kai kashi 2 cikin 100 na zaman mutum a doron ƙasa ba.

A kan teburina akwai wani baƙin dutse mai santsi, tsawonsa bai kai tafin hannu ba, wanda wani manomi ya ba ni shekarun baya bayan ya tsince shi a gonarsa da ruwan farko ya wanke ƙasa. Shi ne abin da muke kira gatarin aradu, kuma har yau akwai masu ajiye shi a ɗaki da imanin cewa tsawa ce ta jefo shi. Hannun mutum ne ya yi shi, dubban shekaru kafin a san ƙarfe a yankin nan. Wanda ya yi shi sai da ya san dutsen da yake ɗaukar kaifi ba ya marmashewa, ya san inda ake samunsa, ya fasa shi da wani dutsen har ya kama siffa, sa'an nan ya zauna yana goga shi a kan falalen dutse da ruwa da yashi kwana da kwanaki har bakinsa ya fito ta gefe biyu daidai wa daida, kafin ya nemo ƙota ya dasa shi yadda ba zai zame ba idan ya sari itace. Na sha ba ɗalibai duwatsu a fili in ce su fitar da abin da zai yanka fata, kuma abin da aka saba tashi da shi bayan yini guda shi ne tarin tsakuwa da yatsu masu jini. Daga ranar ba na ƙara jin ɗayansu ya kira mutanen can jahilai.

Hujjar da ta fi wannan ƙarfi tana jihar Yobe. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune, sai ya ci karo da wani itace mai tauri a zurfin kusan mita 5. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Firankifot ta Jamus suka gama fito da shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8.4, an sassaƙa shi daga gungumen itace guda na dangin maɗaci, kuma awon kabon, wato gwajin da ake gane shekarun tsohon itace ko ƙashi da shi, ya nuna yana da kimanin shekara 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka sani a Afirka, yana kuma cikin 'yan ƙalilan mafi tsufa a duniya. Abin lura shi ne murahun narka ƙarfe na Taruga, na tsoffin mutanen Nok na tsakiyar Najeriya, waɗanda suke cikin mafi tsufa da aka sani a ƙasar nan, ba su wuce kimanin shekara 2,500 ba, wato masassaƙin Dufuna ya yi aikinsa fiye da shekara 5,000 kafin a sami gizagon ƙarfe. Duk da haka ya fitar da goshin jirgin da wutsiyarsa masu tsini, ya kuma rarake cikinsa har kaurin bangon ya tsaya a kusan santimita 5. Irin wannan gwaninta ba a farkon gwaji take zuwa ba. Tana nuna cewa akwai masassaƙa da yawa da suka gabace shi, kowa ya koya daga wani ya ƙara nasa.

A wancan lokacin Sahara ba hamada ba ce. Tsakanin kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce akwai tafkuna da ciyayi a inda yau babu komai sai rairayi, kuma a Gobero, cikin hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar, an gano a shekarar 2000 wata maƙabarta ta mutanen da suka zauna a bakin tafki suna kamun giwan ruwa da masun ƙashi masu ƙayoyi, suna zaune kusa da dorina da kada. A cikin kaburburan akwai na wata mata da yara biyu, an kwantar da su suna fuskantar juna hannuwansu a sarƙe, kuma ƙurar furanni da aka samu a ƙarƙashinsu ta sa masana suke ganin a kan furanni aka shimfiɗe su. Ban taɓa duba hoton wannan kabari ba tare da jikina ya yi sanyi ba, domin wanda ya yi wannan jana'iza ya san ƙauna da rashi kamar yadda muka san su. Geron da ake dama fura da shi a Daura ma aikin mutanen kafin tarihi ne. Kowane manomi ya san shibra, wadda take zubar da tsabarta kafin a zo girbi; asalin gero a daji haka yake, kuma wasu mutane ne suka yi ta zaɓen zangarniyar da ta riƙe tsabarta suna shukawa, kaka bayan kaka, har ya zama abin da za a iya tarawa a rumbu. A kwarin Tilemsi na ƙasar Mali an samu alamun geron gida mai kimanin shekara 4,500.

Don haka ka gaya wa rukunin farko cewa ƙwaƙwalwar masassaƙin Dufuna irin tamu ce, kuma da za a ɗauko jaririnsa a rene shi a Katsina a yau, babu abin da zai hana shi haddace Alƙur'ani ko zama injiniya.

Rukuni na biyu ma ba su tsira ba, kuma kuskurensu ya fi damuna, domin yana da daɗin ji. Gaskiya ne cewa binciken da Richard Lee ya yi a tsakanin mafarautan Kalahari na Botsuwana a shekarun 1960 ya nuna manyansu ba su wuce kamar kwana biyu da rabi a mako suna neman abinci, ko da yake idan aka haɗa da gyaran kayan aiki da hidimar gida lokacin yana kaiwa wajen awa 40. Amma alƙaluman da aka tara daga al'ummomin mafarauta da masu tsince-tsince na zamanin nan sun nuna cewa kimanin yara 4 cikin kowane 10 ba su kaiwa shekara 15, duk da cewa wanda ya tsallake ƙuruciya yakan iya kaiwa wajen shekara 70. Haihuwa mai gardama, ko karaya da ta ruɓe, ko ciwon haƙori da ya shiga jini, kowanne yana iya zama ajali ba tare da wani ya san dalili ba. Zaman lafiyar da ake ɗauka suna da shi ma ba a ko'ina yake ba, domin a maƙabartar Jabal Sahaba ta Sudan, mai kimanin shekara 13,000, an samu gawarwaki da yawa da ɓarɓashin kan makami a jikin ƙasusuwansu. Mu kuwa a idonmu aka kawar da agana daga duniya a 1980, aka tabbatar da Najeriya ta rabu da kurkunu a 2013, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a 2020. Duk uwar da ta taɓa kwana a asibiti da yaro mai zazzaɓi ba za ta yarda a mayar da ita zamanin dutse ba, kuma tana da gaskiya.

Idan ƙwaƙwalwar ɗaya ce, ina bambancin yake? A fahimtata yana wurin da ilimi yake zama, da kuma wanda yake riƙe da shi. Mutumin kafin tarihi duk abin da rayuwarsa ta dogara a kai yana cikin kansa ko cikin kan wani da ya sani da suna. Ya san sawun dabba da ko na yau ne ko na jiya, ya san inda za a tona a sami ruwa da rani, ya san saiwar da take magani da wadda take kisa. Saura daga cikin wannan ilimi yana nan tare da mu ba mu lura ba. Wata tsohuwa a danginmu, Allah Ya ji ƙanta, ta nuna mini ina yaro yadda ake sarrafa 'ya'yan anza, waɗanda ɗacinsu ba ya barin a kai su baki: a ɓare, a jiƙa, a yi ta sauya ruwa kwanaki har ɗacin ya fita, sa'an nan a dafa. Ta ce da wannan, da tafasa, da tsabar ƙarangiya, mutane suka rayu a shekarun yunwa, kuma ta ji daga iyayenta yadda aka yi a Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914. Ba ta san sunan sinadarin da ruwa yake fitarwa ba, amma ta san ranar da za a ɗanɗana a ce ya yi. Irin wannan ilimi yana da alƙalinsa a kusa: wanda ya yi kuskure cikinsa zai gaya masa kafin dare, kuma wanda ya koyar da kai yana nan a gari, ana iya komawa a tambaye shi, an kuma san ko mai gaskiya ne ko mai cika baki.

Rauninsa kuwa babba ne, domin yana mutuwa tare da masu shi. Mutanen Inuit na arewa maso yammacin Girinlan sun rasa sanin yin ƙaramin jirginsu na fata da baka da kibiya, kuma abin da aka ruwaito shi ne wata annoba ce ta kwashe dattawansu a wajen shekarun 1820. Suka yi shekaru kusan 40 suna kallon namun da ba su iya kamawa, har sai da wasu 'yan'uwansu suka yi ƙaura daga tsibirin Bafin na Kanada a wajen 1860 suka sake koya musu. Ba sai mun je nesa ba ma. A kufai da yawa na ƙasar Katsina kana iya tsintar kashin maƙera da tsingaro a bainar ƙasa, shaidar cewa kakanninmu suna haƙo tama su narka ta su fitar da ƙarfe da kansu. Da tsofaffin ƙarafan jirgin ƙasa da na mota suka wadata a ƙarni na 20, sai narka tama ya zama wahalar banza, kuma a yau da wuya ka sami maƙerin da zai iya gina murhu ya fitar da ƙarfe daga dutse. Babu wanda ya hana wannan sana'a. Abin da ya fi ta sauƙi ne ya zo, sai aka daina koya wa yara.

Rubutu shi ne babban matakin fitar da ilimi daga kai zuwa waje, kuma yawancin allunan yumɓu na farko da aka samu a birnin Uruk na kudancin Iraƙi lissafin hatsi ne da dabbobi da rabon ma'aikata. Amma takarda ba ta magana sai an karanta ta, kuma mai karatu ne yake haɗa wannan da wancan ya yanke hukunci. Abin da ya bambanta ƙirƙirarriyar basira da duk kayan aikin da suka gabace ta shi ne ta shigo cikin wannan ɓangare da ya rage mana. Gatari ya ƙara wa hannu ƙarfi, kwalekwale ya kai ƙafa inda ba ta zuwa, takarda ta taimaki hadda, ita kuwa wannan tana karɓar tambaya ta mayar da amsa a shirye. Saurin zuwanta ma abin dubawa ne. Akwai wani samfurin gatarin hannu na dutse da aka yi fiye da shekara miliyan 1 ana yinsa a Afirka da siffa kusan iri ɗaya. A nan kuwa masanin lissafi ɗan Birtaniya Alan Turing ya yi tambayarsa a kan ko na'ura za ta iya tunani a 1950, aka raɗa wa fannin suna a taron kwalejin Datmos ta Amurka a 1956, kwamfutar Deep Blue ta doke zakaran darar ces Garry Kasparov a 1997, sa'an nan manhajar hira ta ChatGPT ta fito a ranar 30 ga Nuwamba 2022, aka ƙiyasta ta sami masu amfani miliyan 100 cikin kimanin wata biyu. Dattijon da aka haifa kafin a fara wannan zance yana raye ya ga jikansa yana hira da ita, don haka hanyar da muka gada ta babba ya gwada abu ya gaya wa yaro haɗarinsa ba ta sami lokacin yin aiki ba.

Ya kamata ɗalibanka su san yadda waɗannan manhajoji masu hira suke aiki, domin sanin haka yana rage tsoro da kuma ruɗuwa. Ana tara rubutu mai yawan da babu mutumin da zai karance shi ko da ya shekara dubu, a ba kwamfuta aikin cankar kalmar da za ta biyo baya, duk lokacin da ta kuskure a ɗan gyara wasu lambobi a cikinta, a maimaita haka ba adadi. Wani samfurin irin waɗannan manhajoji mai suna GPT-3 na 2020 yana da irin waɗannan lambobi biliyan 175. Daga wannan horo take samun iya tsara magana, da fassara, da taƙaita dogon bayani, da warware matsaloli da dama, kuma amfaninta na gaske ne. Manhajar AlphaFold ta hasaso siffar sinadaran furotin fiye da miliyan 200, aikin da ya kai Demis Hassabis da John Jumper ga lambar Nobel ta 2024, kuma tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da irin wannan fasaha wajen duba hoton ƙirji don gano tarin fuka, abin da yake da matuƙar amfani a inda likitoci suka yi ƙaranci kamar karkararmu.

Sai dai ita ba ta taɓa ɗanɗana anza ba. Abin da ta sani shi ne abin da aka rubuta, kuma an hore ta ne ta fitar da magana mai kama da gaskiya, shi ya sa idan ba ta da tabbas takan ƙirƙiro amsa ta faɗe ta da murya ɗaya da wadda take faɗin gaskiya da ita. A 2023 wata kotu a birnin Niyok ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen shari'a da na'ura ta ƙaga musu, ba su bincika ba. Ni kaina na taɓa tambayar ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji da Hausa game da wani kufai da na yi aiki a cikinsa, ta ba ni sunan sarki da shekara da labarin yaƙi cikin Hausa mai kyau, alhali babu ko ɗaya daga cikinsu da yake da tushe. Na gane ne kawai domin na taka wurin da ƙafata. Ɗalibin da bai je ba da ya kwafe ya kai wa malaminsa. Wannan matsala ta fi tsanani a kanmu, saboda rubutun Hausa a intanet kaɗan ne ƙwarai: Wikipedia ta Ingilishi tana da maƙaloli fiye da miliyan 6, ta Hausa kuwa ba ta kai kashi 2 cikin 100 na hakan ba. Abin da ungozoma da maharbi da ɗan koli da mai haƙar rijiya suka sani yawancinsa bai taɓa hawa takarda ba, don haka ba ya cikin cikin na'urar, kuma ba za ta ce maka ba ya nan ba sai ka matsa mata.

Akwai kuma zancen mallaka, wanda a wurina shi ne ya fi nauyi. Mai gatarin dutse idan gatarinsa ya karye sai ya gangara bakin rafi ya ɗauko wani dutsen, ba ya neman iznin kowa. Sassan lantarkin da ake horar da manyan manhajojin nan a kansu yawanci kamfanin Nvidia na Amurka ne yake tsara su, kamfanin TSMC na Taiwan yake ƙera su, injin da ake zana mafi ƙanƙantarsu da shi kuwa kamfani ɗaya ne a duniya yake yinsa, wato ASML na ƙasar Holan. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 cibiyoyin adana bayanai sun sha kimanin kashi 1.5 cikin 100 na wutar lantarkin duniya, wanda ya ninka abin da tashoshin wutar Najeriya suke bayarwa a shekara wajen sau 10, alhali ƙwaƙwalwar mutum tana aiki ne da kimanin wat 20, kamar ƙaramin ƙwan fitila, kuma tuwo da miya sun ishe ta. Mu masu amfani ne kawai, ba mu ƙera ba, ba mu iya gyarawa, kuma Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Mun ɗanɗani ma'anar wannan a Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtuwa da Malumfashi da Dutsin-Ma da Jibiya. Masu POS suka tsaya cik, mutum ya shiga mota ya yi tafiyar kilomitoci don ya buga waya ɗaya, aka koma ba direbobin tasha saƙo da wasiƙa. Waɗanda suka fi saurin daidaitawa su ne waɗanda ba su manta tsohuwar hanya ba. Wannan waya ce kawai, ba ta yi mana tunani; ka ƙiyasta yadda za a kasance ranar da lissafin ɗan kasuwa da shirin darasin malami da shawarar ma'aikacin asibiti duk suka rataya a kan abin da ake iya rufewa ko a tsauwala wa kuɗi daga wata nahiya.

Game da cewar ɗalibanka na'ura za ta yi mana nisan da muka yi wa mutanen kogo, kwatancen bai zauna ba tun daga tushe, domin mu ba mu fi su ƙwaƙwalwa ba, gadon da muka tarar ne ya fi nasu yawa, kuma daga wannan gadon namu aka gina na'urar. Masanan fannin da kansu sun saɓa a kan inda za ta kai. Geoffrey Hinton, wanda ya sami lambar Nobel a 2024, yana cikin masu gargaɗi mai tsanani, wasu takwarorinsa kuma suna ganin an zuzuta abin. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, haka ma ba a yanke wa wannan fasaha hukunci tun tana 'yar shekaru kaɗan a hannun jama'a. Abin da nake da tabbaci a kansa shi ne abin da ya sami narka tama yana iya samun tunani da rubutu. Bincike a kan direbobin tasi na Landan da aka buga a 2000 ya nuna ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da sanin hanya ya fi girma ga waɗanda suka haddace titunan birnin, kuma duk alaramman da ya bar tilawa ya san abin da yake samun hadda. Yaron da na'ura take rubuta masa aikin gida tun daga aji ɗaya ba zai sami ma'aunin da zai gane ranar da ta yi masa ƙarya ba, wanda kuwa ya fara iyawa da kansa ita za ta zame masa mataimakiya mai sauri.

Idan kana son ɗalibai su ga wannan da idonsu, ga aikin da nake ba nawa. Ka raba su biyu-biyu, kowane biyu su zaɓi abu ɗaya da dattawan unguwarsu suka sani: yadda ake gane wurin da rijiya za ta yi ruwa, ko yadda ake daddawa daga kalwa, ko yadda majemi yake cire gashi daga fata, ko taurarin da manoma suke duba kafin shuka. Su fara yi wa manhajar tambaya da Hausa su rubuta amsarta kalma da kalma, sa'an nan su je su gaida dattijon ko tsohuwar, su nemi izni, su ɗauki muryarsa da waya, in da hali su gwada aikin da hannunsu a gabansa. Bayan haka su jera amsoshin biyu a takarda ɗaya su nuna inda suka dace, da inda na'urar ta faɗi abin wata ƙasa, da inda dattijon ya faɗi abin da babu shi a ko'ina, da kuma inda shi ma ya faɗi abin da gwaji bai tabbatar ba, domin hakan yana faruwa. Ka tara waɗannan takardu da muryoyin a ɗakin karatun makaranta, da sunan gari da ranar da aka ɗauka. Idan kun sami damar fita, ku fara da rijiyar Kusugu da take kusa da ku, ku zo gidan tarihi na Katsina da ke tsohon ginin kwalejin horon malamai, sa'an nan in da kuɗin mota ku kai Birnin Kudu su ga zanen shanu a Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Idan kuma wani daga cikinsu ya zo da gatarin aradu daga gonar gidansu, kada a kankare shi ko a sayar, a rubuta sunan gonar da zurfin da aka same shi da abin da yake kusa da shi na tsingaro ko gawayi, a kai wa ma'aikatan gidan tarihi tare da wannan takardar.